Yadda Ake Tayar da WordStar a Kwamfutar Yau

Bayan rasuwar kawuna, mun tarar da faya-fayan filofi a cikin akwatinsa, an ɗaure su da roba, kowanne da lakabin da ya rubuta da biro. Wasiƙu ne da rubuce-rubucen da ya yi da WordStar, wata tsohuwar manhajar buga rubutu, shekaru aru-aru. Da na buɗe ɗaya a kwamfutata, sai ga rubutu kamar kaza ta yi tonon tsakuwa: ƙarshen kusan kowace kalma ya rikiɗe ya zama wata alama. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Haka WordStar yake yi wa harafin ƙarshe na kalma alama a ɓoye, kuma manhajar da ba ta san tsarinsa ba ba ta iya karanta shi daidai. Wannan ne ya sa na koyi tayar da shi, kuma abin bai kai wahalar da ake tsammani ba.

Kamfanin MicroPro na Seymour Rubinstein a Amurka ne ya fito da WordStar a ƙarshen shekarun 1970, Rob Barnaby ne ya rubuta shi, don kwamfutocin da ke aiki da CP/M, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta wancan zamani. A 1982 aka kai shi kan DOS, babbar manhajar da ta gabaci Windows, ya yi sarautarsa har wata manhajar rubutu mai suna WordPerfect ta zo ta ture shi. Tun da Windows na yanzu ba ya tafiyar da irin waɗannan manhajoji kai-tsaye, dabarar ita ce a sa wata manhaja ta yi kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, WordStar ya ɗauka yana gidansa.

Da farko ka sauko da DOSBox-X, wanda shi zai yi wannan kwaikwayo, kyauta ne. DOSBox na asali an yi shi ne domin wasanni, wannan reshen kuwa ya fi kula da manhajojin ofis, shi ya sa na fi son sa. Ka girka shi kamar kowace manhaja.

Sai ka buɗe folda a kan faifan C na kwamfutarka, ka sa mata suna DOS, a cikinta wata mai suna WS. Nan za ka zuba fayilolin WordStar daga kwafin da kake da shi. In a filofi suke, akwai na'urar karanta filofi mai igiyar USB. Shawarata ita ce ka kwafe komai lokaci ɗaya ka ajiye faifan, don tsohon faifai ba ya jure yawan juyi. Kada sunan fayil ya wuce haruffa 8, sai ɗigo, sai wasu 3. DOS bai san dogon suna ba.

Buɗe DOSBox-X, za ka ga baƙin allo da alamar Z:\>. Rubuta mount c c:\dos ka danna Enter. Ka gaya masa ke nan cewa waccan folda ita ce faifan C nasa. Kada ka ba shi C ɗinka gaba ɗaya, kuskure ɗaya na iya shafe maka abin da ba ka yi niyya ba. Daga nan rubuta c: sai cd ws sai ws. In ka gaji da maimaita waɗannan kullum, zuba su a ƙarƙashin sashen autoexec na fayil ɗin saitinsa, zai riƙa yi da kansa.

Jerin zaɓi zai fito. Harafin D na buɗe takarda mai tsari, N na buɗe rubutu tsagwaro. Da D na buɗe wasiƙar kawu, kalmomin suka dawo garau, har da layin da ya ja a ƙarƙashin sunan mahaifiyata. Na daɗe ina kallon allon kafin in taɓa komai.

Inda ake shan wuya kwana biyun farko shi ne maɓallan. Yawancin na'urorin wancan zamani ba su da maɓallan kibiya, don haka aka ɗora tafiya a kan haruffa. Riƙe Ctrl ka danna E ka hau sama, X ka sauka, S hagu, D dama. Dubi inda haruffan huɗu suke a allon maɓallai, za ka ga kowanne yana gefen da yake kai ka. Ctrl da Y na share layi guda, Ctrl da G harafi ɗaya. Ajiya kuwa Ctrl da K ne sannan S, in kuma ka gama za ka rufe, Ctrl da K sannan D. Don ware wani yanki, Ctrl K B a farkonsa, Ctrl K K a ƙarshensa. In ka rikice, Ctrl da J na kawo taimako. A da, maɓallin Ctrl yana gefen A ne, inda Caps Lock yake yanzu, shi ya sa ƙaramin yatsa ke kai masa ba tare da hannu ya tashi ba. In ka musanya su biyun a kwamfutarka, za ka ji daɗin da masu buga takardu na da suke ji. Ni dai har yau ban ga tsarin da ya fi wannan tausaya wa mai rubutu da sauri ba.

Wani abu da zai ba ka mamaki: layin da ya fara da ɗigo umarni ne, ba a buga shi. Misali .PA na nufin a shiga sabon shafi.

Mai rubuta Hausa ya san da wannan tun da wuri: haruffan DOS na asali ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Kawu da k' da d' da b' ya yi ta fama, wani wurin ma ya bar su haka nan. In sabon rubutu za ka yi, yi shi da N don ya fito tsagwaro, ka yi amfani da waɗannan alamomi, bayan ka kai shi manhajar zamani ka sa ta nemo su ta musanya. Ka dai bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ta taɓa hamzar da ke wurinta na gaskiya.

In kuma fayilolin da ka gada na WordPerfect ne, ba sai ka bi wannan doguwar hanya ba, LibreOffice, manhajar ofis ta zamani, yana buɗe su kai-tsaye.