Babi na 7: Cikon Kusurwa

Darasi na 1

Ku ninke takarda gida biyu, ku sake ninkewa, baki a kan baki. Lungun da ya fito shi ne kusurwar ekar, wadda kafinta da mai walda ke gwada ƙofa da ita. Awonta 90°. Ɗan zagayen nan na sama ba sifili ba ne, alamar digiri ce, kada a karanta 900. Kuma ba lissafin kuɗi muke yi ba: 90 tasa'in ce, ba dala goma sha takwas ba. Wancan ku bar shi a Babbar Kasuwar Maraɗi.

Ku aza tsinken tsintsiya daga cikin lungun, ya raba shi biyu. In gefe guda 30° ne, ɗayan 60° ne. Su biyun suka cika 90, kowane cikon ɗan'uwansa ne.

Darasi na 2

Ku ja miƙaƙƙen layi a ƙasa. Awonsa 180°, ekar biyu ke nan a jere. Ku kwantar da kara a karkace, bakinsa na taɓa layin. Gefe mai faɗi in 120° ne, matsattsen 60° ne.

A nan ake faɗuwa, don haka sannu a hankali. Kafin hannu ya taɓa alli, ido ya duba: lungu ne ko layi? In lungu ne, a cire awon da aka bayar daga 90, abin da ya rage shi ne cikon. In layi ne, a cire daga 180. Ku faɗa da baki. Lungu, 90. Layi, 180.

Ga 35° cikin lungu. Daga nawa za a cire? Daga 90. Sifili ba ya ba da 5, sai a yi aron goma daga 9, ta koma 8. 5 daga 10 saura 5, 3 daga 8 saura 5. Amsa 55°. Madalla, Inna, haka ne.

Ga 35° ɗin dai, amma a kan layi. Ku dakata, ku duba tukuna. Layi ne, to daga 180. Amsa 145°. Wanda ya ɓata ya goge, ba abin kunya ba ne, kowa da rarrafe ya fara.

Amma fisabilillahi, Baba, sati uku muna abu guda, har yanzu wasu na kawo mini 145° cikin lungu! Ta ina 145 za ta shiga cikin 90? Tiya biyu ba ta shiga kwanon tiya guda. Gaggawa ce ke cutar ku, ba tsufa ba. Lungu, 90. Layi, 180. A duba kafin a cire.

Darasi na 3

Tela in ya ninke ƙyalle daga lungu, baki ya hau baki, kowane gefe 45° ne. Ku gwada da ɗankwali.

Darasi na 4

Ku nemo cikon 20°, 48° da 75°, na lungu da na layi. A kawo ranar Asabar.