Yadda Za Ka Kula da Ɗan'uwan da Ciwon Damuwa Ya Daɗe a Jikinsa

Idan ciwon damuwa ya kai shekara biyu tare da mutum, gida kan gaji. Sai a koma shawara a kansa yana zaune: "a ba shi maganinsa", "a kai shi wurin malam". Shi kuwa ba wanda ya nemi jin ta bakinsa. Daga nan gyara zai fara.

Da farko, ku keɓe ku biyu, ka ce: "Yaya, wane lokaci ne ya fi maka nauyi a yini?" Sannan ka yi shiru, ko da zai jima bai amsa ba. Don Allah kada ka ce masa raunin imani ne, ko "kowa da tasa damuwar". Ya riga ya zargi kansa fiye da yadda kake zato.

Sai ka tambaye shi abu ɗaya da yake son ya dawo masa. Wani zai ce sallar magariba a jam'i, wani buɗe shago ko na awa biyu. Abin da ya zaɓa za ku bi, ba wanda kai kake so ba. Ranar da ya kasa, a bar shi, gobe a sake.

Na uku, asibiti. Akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri. Ka raka shi, amma ka bari shi ya yi wa likita bayani. Magani irin su fluoxetine da amitriptyline kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji daɗi. Idan yana sa shi yawan barci ko bushewar baki, a gaya wa likita ya duba; kada a yanke shi rana ɗaya. Addu'a ba ta hana shan magani.

Idan ya ce ya gaji da rayuwa, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera, kai ka riƙe ƙwayoyinsa, ku tafi asibiti a ranar.

Kafin ka faɗa wa dangi halin da yake ciki, nemi izininsa, ya zaɓi wanda zai riƙa karɓarka idan ka gaji.