Yadda Ake Rainon Alobera a Tukunya Ba Tare da Ta Ruɓe Ba

Asalin alobera daga yankin ƙasashen Larabawa ne, inda ruwan sama ke wuya. Tana ajiye ruwa a cikin ganyenta masu kauri, kuma da rana takan rufe 'yan ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyen, sai dare ya yi ta buɗe su, don kada danshinta ya tafi a banza. Shi ya sa ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Yawan ban ruwa ne ke kashe ta, kuma duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan wannan.

A fara da tukunya. Ta yumɓu ta fi ta roba, domin tana tsotse danshi ta fitar ta jikinta. Dole ne a samu huda a gindinta. Kada girmanta ya wuce kima: santimita 3 zuwa 5 tsakanin saiwoyi da bakin tukunya ya isa, domin ƙasa mai yawa takan daɗe ba ta bushe ba.

Sai haɗin ƙasa. A ɗauki kashi ɗaya na ƙasar shuka, kashi ɗaya na yashi mai kaushi, kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa, a cakuɗa. A ɗan jiƙa, a dunƙula a tafin hannu. In ya wargaje da an saki, ya yi; in ya manne kamar laka, a ƙara yashi. Wajen dasawa, saiwa kaɗai za a binne, ganyen ƙasa su zauna a saman ƙasar. Sannan a haƙura kwana 5 zuwa 7 kafin a zuba ruwan farko, saboda saiwar da ta ji rauni tana saurin ruɓewa in ta jiƙe.

Ban ruwa ba ya bin kalanda. A tura yatsa cikin ƙasa kamar zurfin santimita 5. In da sauran danshi, a ƙyale ta. In ta bushe ƙayau, a zuba ruwa sosai a gefen shukar har ya fito ta gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti. Da zafi wannan kan kama kowane mako 2 zuwa 3, da sanyi kuwa tana iya yin wata guda. Kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, nan ne ruɓa ke farawa. Da damina a janye ta ƙarƙashin rumfa.

Tana son haske kamar na awa 6 a rana, musamman hantsi. Wadda ta saba da ɗaki, a riƙa fito da ita sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, in ba haka ba rana za ta ƙone ta. Ganye ya yi ja-ja, rana ta yi yawa. Ya yi tsawo ya koɗe yana langaɓewa, haske ne ya gaza. Ya motse ya nannaɗe, ƙishirwa ce.

In ganyen ƙasa ya yi laushi, ya koma rawaya, ƙasar kuma tana wari, saiwa ta fara ruɓewa. A tumɓuke ta nan take, a kakkaɓe ƙasar, a yanke duk saiwar da ta yi baƙi da wuƙa mai tsabta, a ajiye ta a inuwa kwana 2 zuwa 3, sannan a mayar cikin sabuwar ƙasa busasshiya. Fararen ƙwari masu kama da auduga kuwa, a goge su da auduga da aka tsoma a sifirit.

Taki sau ɗaya a shekara ya wadatar, rabin adadin da aka rubuta a jikin leda. Don samun sabuwar shuka, a cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwar in sun kai santimita 8 zuwa 10 tare da saiwarsu, a bar yankan ya bushe kwana 2 kafin a dasa. Ganye shi kaɗai da wuya ya yi saiwa. A kuma nisanta ta daga kyanwa da kare, domin cin ganyenta na sa su amai da gudawa.