Yadda Za Ka Saita Talabijin Ɗinka Fim Ya Fito da Siffarsa

Idan ka kunna fim ka ga baƙin layi ya kwanta a saman allo, wani a ƙasa, ka dakata kafin ka kai hannu kan rimot. Talabijin ɗinka lafiyarsa ƙalau, fim ɗin ma bai lalace ba. Mutane da yawa ransu na sosuwa da ganin haka, su ce sun sayi babban allo amma ana ba su rabi. Na san wannan ɓacin ran, amma ni ina cikin masu barin layukan nan yadda suke, kuma ina so duk mai son fim ya san abin da yake asara idan ya kore su.

Allon talabijin siffa ɗaya gare shi, shi kuwa fim siffofinsa da yawa. Ana auna siffar ne da faɗi a kan tsayi. Tsohon talabijin mai ƙaton baya 4:3 ne, wato faɗi huɗu, tsayi uku. Na zamani da ake maƙalawa a bango 16:9 ne, wanda a lissafi yake 1.78:1. Finafinan silima kuma yawancinsu ko 1.85:1 ko 2.39:1. Da can ba haka abin yake ba. Har farkon shekarun 1950 ana ɗaukar fim ne a 1.37:1, ma'aunin da aka tsayar a Amurka a 1932, wanda kusan ɗaya yake da na tsohon talabijin. Da talabijin ya shiga gidaje mutane suka rage zuwa silima, sai kamfanoni suka faɗaɗa allo don su ba da abin da ba a samu a ɗaki. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope a fim ɗin The Robe, daga nan kowa ya bi. Tun lokacin fim da talabijin suka daina zama daidai wa daida, kuma idan hoto bai yi daidai da allo ba, ko dai a bar gurbi baƙi, ko a yanke hoton, ko a ja shi da ƙarfi ya cika.

Ɗauki talabijin mai inci 55. Faɗinsa kusan santimita 122 ne, tsayinsa wajen 68. Fim mai 2.39:1 idan ya cika faɗin, tsayinsa zai tsaya a santimita 51, sai a bar kusan 9 sama, 9 ƙasa. Iyakar abin da ka rasa ke nan, kuma ba daga fim ɗin aka cire ba. Amma in ka danna Zoom har layukan suka ɓace, ka zubar da kusan kashi 26 cikin ɗari na hoton, rabi daga hagu rabi daga dama. A tsohon talabijin mai 4:3 asarar tana kai kashi 44. Ka yi tunanin mutum biyu zaune a teburi, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, suna gardama. Mai ɗaukar hoton ya saka su haka ne don ka ga tazarar da ke tsakaninsu, ka ga fuskar mai saurare yayin da ɗayan ke magana. Da ka yanke, sai ka ga tsakiyar teburi da kafaɗar wannan da hancin wancan. Ga kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasa, wadda sau da yawa takan fita daga allo gaba ɗaya.

Jan hoto ya fi yanka muni, kuma shi ya fi yawa a gidaje. Tsohon shiri mai 4:3 idan aka miƙe shi ya cika 16:9, kowane abu na ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Akwai wani kawuna da talabijin ɗinsa ya daɗe a haka. Mai karanta labarai kumatunsa sun baje, kafaɗunsa kamar za su taɓa gefen allo biyu. Da na mayar da shi daidai, baƙin gurbi ya fito hagu da dama, sai ya ce, "Ɗana, me ka yi wa hoton ya tsuke?" Na ce, "Kawu, dubi agogon da ke bayan mutumin nan." Agogon da a da yake kamar ƙwai kwance ya koma zagaye sosai. Wannan shi ne gwajin da nake ba kowa: tsayar da hoto a inda akwai abin da ka san zagayayye ne, tayar mota, ƙwallo, agogon bango, wata a daren sha huɗu. In ya baje gefe, an ja hoton. In ya yi tsini sama, an matse shi.

To, gyaran daga talabijin ake farawa. Nemi maɓallin da aka rubuta wa Aspect, ko Wide, ko Format, ko P.Size a jikin rimot. In babu, shiga saitin hoto ka nemi girman allo. Zaɓi Original ko Auto idan akwai, in babu ka zaɓi 16:9. Ka guji Zoom, Stretch, Panorama da duk mai kama da su. Panorama ma yaudara gare shi, domin yana barin tsakiya daidai ya ja gefuna kawai, sai ka ga mota ta shigo doguwa, ta gajarce a tsakiya, ta sake tsawo za ta fita. Akwai kuma wani ɗan yanka da talabijin da yawa ke yi a ɓoye, suna cinye bakin hoto kaɗan ta kowane gefe, gadon zamanin tsofaffin akwatuna. Ana kashe shi da Just Scan a LG, Fit to Screen ko Screen Fit a Samsung, Full Pixel a Sony. Za ka gane yankan nan yana kunne idan rubutun da ke gudu a ƙasan tashar labarai ya manne da bakin allo.

Sai ka koma kan na'urar da ke turo hoton, dikoda ce ko injin DVD. Ita ma tana da nata saitin, inda take tambayar wane irin talabijin ka haɗa ta da shi. A nan rikici ya fi yawa. Za ka ga 4:3 PS, 4:3 LB da 16:9. Mai sabon talabijin ya zaɓi 16:9 kawai. In ka bar ta a 4:3 LB, na'urar za ta saka nata layukan, talabijin kuma ya ja hoton, ka tashi da layi mai kauri da mutane gajeru a lokaci guda. In ka bar ta a 4:3 PS, tana iya yanke gefuna tun kafin hoton ya iso allo, kuma babu maɓallin rimot da zai dawo da su. Mai tsohon talabijin kuwa, 4:3 LB ne nasa idan yana son ganin fim cikakke.

Masu tara faifan DVD su riƙa duba bayan kwali. A shekarun farko na DVD akan fitar da fim ɗaya kashi biyu, Widescreen da Full Screen. Na biyun an yi shi ne don tsohon talabijin, don haka a sabon allo zai ba ka baƙin gurbi hagu da dama, ga shi kuma yawanci an riga an yanke shi. Asara biyu ke nan. Na ce yawanci, saboda wasu finafinan 1.85:1 ba yanke su aka yi ba, buɗe sama da ƙasan da aka rufe a silima aka yi, shi ya sa wani lokaci ake hango makirfo yana leƙowa daga sama. Nemi Widescreen wanda aka rubuta wa Anamorphic ko Enhanced for 16:9, wato wanda aka shirya don sabon allo mai faɗi. Idan kuma ka saka faifai ka ga baƙi ya kewaye hoton ta gefe huɗu, ɗan ƙarami a tsakiya, to nan ne wuri ɗaya da Zoom yake da amfani, domin baƙin kawai zai cinye.

A kwamfuta, manhajar VLC tana canza siffa da harafin A, tana yanka da harafin C, kuma hannu kan taɓa su ba da niyya ba. Ci gaba da dannawa har ka ga Default. A waya, buɗa yatsu biyu a kan bidiyon YouTube yana cika allo, amma da yake wayoyin yanzu sun fi 16:9 tsawo, saman kai da ƙasan hoto ne ke tafiya.

Ba na cewa cika allo laifi ne a ko'ina. Wanda idonsa ya yi rauni, ko mai ƙaramin talabijin da ake kallo daga nesa, yana da hujjar ƙara girma don ya ga fuska. Fim mai 1.85:1 ma in ka cika shi a 16:9 abin da ka rasa bai kai kashi 5 ba, ba zan yi musu da kowa a kansa ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne jan hoto, da kuma yanke tsohon fim mai 4:3, wanda ke zubar da kashi 25 na tsayinsa, a fille goshin mutum da ƙafafunsa.

Idan layukan ne suka tsaya maka a rai, duba ko toka-toka suke maimakon baƙi. A talabijin mai LCD ko LED fitilar baya tana ci ko a inda babu hoto, shi ya sa suke haske a ɗaki mai duhu. Rage Backlight, wato saitin hasken wannan fitilar baya, sannan ka kunna 'yar fitila marar ƙarfi a bayan talabijin tana haska bango, ido zai ga baƙin ya ƙara duhu. A talabijin mai allon OLED, wanda ba shi da fitilar baya, wurin a kashe yake ɗungurungum, da ka kashe wutar ɗaki ba ka ganin iyakarsa. Matso da kujera kaɗan ma yana maganin ƙanƙantar hoto fiye da kowane maɓalli.

Wani lokaci za ka ga layukan suna canzawa a tsakiyar fim, su yi kauri, su sirance, ko su koma gefe. Kada ka bi su da rimot. The Grand Budapest Hotel na 2014 siffa uku aka yi masa, kowane zamani na labarin da tasa. The Dark Knight na 2008 a faifan Blu-ray yana buɗewa ya cika allo a wuraren da aka ɗauka da kyamarar IMAX, ta silima mai ƙaton allo, sannan layukan su dawo.

Talabijin da yawa kowace ƙofar HDMI da nata saitin take riƙewa, don haka gyaran da ka yi wa dikoda bai shafi injin DVD ko filashin da ka soka ta USB ba. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi gwajin abu zagayayye a kowacce.