Kurakuran da malaman sa-kai ke yi a ƙasar waje, da yadda za a gyara su

Tun 1987 Najeriya ke tura ƙwararrunta aikin sa-kai zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik, a ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru na TAC (Technical Aid Corps) da aka kafa zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje. Malaman makaranta da na jami'a, likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi, kowa ya je ya yi shekara biyu ya dawo. Gambiya na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar malamanmu, don haka da ita zan yi misali, amma wanda aka tura Zanzibar ko Yuganda ko Saliyo ma zai tsinci abin da ya shafe shi. Yawancin kurakuran nan ba rashin ilimi ke jawo su ba, ba kuma mugun nufi ba. Gaggawa ce, da ɗaukar cewa mutum ya riga ya san wurin da bai taɓa zama ba.

Bahaushen da ya sauka Banjul yana cikin wannan haɗarin fiye da Bature. Zai ji kiran salla, ya ga mutane da manyan riguna, ya tarar ɗaliban sakandare jarrabawar WAEC suke rubutawa kamar na gida, sai zuciyarsa ta ce masa ai gida ne. Daga nan sai ya daina tambaya. Alhali kowane ƙauye yana da nasa tsarin. Akwai mai gari, wanda suke kira alkalo, sama da shi kuma akwai hakimin gunduma, seyfo. Malamin da aka tura makarantar ƙauye a can wajen Farafenni ko Basse, idan ya ajiye jaka ya wuce aji bai je ya gai da alkalo da liman ba, babu wanda zai ce masa uffan, amma zai yi watanni yana mamakin me ya sa iyaye ba sa amsa kiransa. Gyaran ba wuya: ka roƙi shugaban makaranta ya raka ka a makon farko, ka sayi goro ka riƙe, ka zauna a yi gaisuwar har ta ƙare. Gaisuwarsu tana da tsawo, a tambayi mutanen gida, a tambayi gajiya, a sake dawowa kan mutanen gida. Kada ka riƙa duba agogo. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai kuma bakinmu. Mu 'yan Najeriya muna da wata ɗabi'a da ba mu cika jin ta a jikinmu ba, wato “a ƙasarmu ba haka muke yi ba”. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba ta san girman Najeriya, ba ta bukatar tuni. Duk lokacin da ka faɗi wannan kalma a ɗakin malamai, ka rufe wata ƙofa. In kana da shawara, fara da tambayar dalilin da ya sa suke yin abin yadda suke yi. Sau tari akwai dalili, kai ne ba ka gan shi ba tukuna.

A cikin aji kuwa, babban abin da ke kayar da malamai shi ne harshe. Ingilishi ne harshen hukuma a Gambiya, gaskiya ne, amma yaron ƙauye da Mandinka ko Fulatanci ko Wolof ko Jola ya tashi, Ingilishin a makaranta kawai yake jin sa. Ga shi kuma namu Ingilishin yana da nasa kari da saurinsa, kunnen yaron bai saba da shi ba. Malam zai tsaya gaban allo ya yi minti arba'in yana zuba bayani, gumi na zuba, ya juyo ya ce “kun gane?”, aji ya amsa baki ɗaya cewa sun gane. Ladabi ne ya sa suka amsa. Ranar gwaji sai ya ga takardu fayau, ya yanke hukuncin cewa yaran ba su da ƙoƙari. Wannan hukunci zalunci ne, kuma shi ya fi ci min rai a duk kurakuran nan, domin yaro yana gane malamin da ya fid da rai da shi.

Ka daina tambayar “kun gane?” gaba ɗaya. Ka rage sauri, ka rubuta muhimman kalmomi a allo, ka ɗauko yarinyar da ke zaune a bencin baya ta zo ta yi lissafin da hannunta, ka ce wani ya maimaita wa na kusa da shi bayanin da harshensu. Kai ma ka koyi gaisuwa da ƙidaya da 'yan kalmomin aji, irin su zauna, saurara, sake faɗa, madalla. Za su yi maka dariya ranar farko, kuma daga ranar za su fara ɗaga hannu. Wanda ya iya Fulatancin Adamawa ko na Sakkwato ya samu tsani, sai dai ya sani na can ya ɗan bambanta, sai ya saurara da kyau. Sannan ka nemi manhajarsu ka karanta kafin ka buɗe tsofaffin takardun darasinka na gida: shekara shida ta firamare, uku ta ƙaramar sakandare da ke ƙarewa da jarrabawar GABECE a aji tara, sai uku ta babbar sakandare. Misalanka ma su zama na can, dalasi maimakon naira, kogin Gambiya da gonar gyaɗa maimakon abin da yaro bai taɓa gani ba. Idan ɗalibai suka ragu lokacin cirar gyaɗa, je ka ga iyayensu tukuna kafin ka rubuta sunaye. Bulala kuwa, ka bar ta a gida, ka tambayi dokar makarantar kan horo tun ranar farko.

Akwai kuskuren da ya yi kama da ƙwazo, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Malam ya zo da zafinsa, ya karɓe darussan kimiyya duka, ya buɗe darasin yamma, ya gyara ɗakin karatu, makulli na aljihunsa, sakamako ya yi kyau, kowa na yabo. Shekara biyu ta cika, ya hau jirgi, kafin zango ɗaya komai ya koma yadda yake, ɗakin karatun ma an rufe don babu wanda ya san tsarinsa. An tura ka ne don abin da ka sani ya zauna a hannun 'yan ƙasar. Saboda haka tun watan farko ka samu malami ɗan ƙasa da za ku riƙa tsara darasi tare, wani lokaci ya shiga ajinka, wani lokaci ka shiga nasa ka zauna a baya ka koya, don shi ya san yaran da iyayensu fiye da kai. Haka batun kayan aiki. Kwamfuta da majigi a makarantar da wuta ba ta tsayawa ado ne kawai. Gwajin kimiyyar da za a yi da kwalba da batir da waya daga kasuwar mako, shi za a ci gaba da yi bayan ka tafi.

Kuɗi da alkawari ma suna ɓata zumunci. Mutane za su ɗauka kana da shi, za a zo rance, za a zo neman hanyar karatu a Najeriya. Abin da za ka iya bayarwa kyauta ka bayar, wanda ba za ka iya ba ka faɗa cikin mutunci. Kada ka ce “za mu gani” alhali ka san babu, don wani zai gina burinsa a kan wannan kalma. In za ka taimaki ɗalibi, bi ta hannun shugaban makaranta da iyayensa. Kuma kada ɗaliba ta zo masaukinka darasi ita kaɗai, komai kyan niyyarka. A yi shi a makaranta, ƙofa a buɗe.

Waya ita ma tana da nata. A watan Oktoba na 1961, wata matashiya Ba'amurkiya daga rukunin farko na 'yan Peace Corps, wato masu aikin sa-kai na gwamnatin Amurka, da aka kawo Najeriya ta rubuta wa wani a gida kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban kwalejin jami'a ta Ibadan, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Mu aka yi wa wannan, mun san zafinsa. To yau katin nan shi ne hoton yara marasa takalmi da mutum zai ɗora a Facebook da dogon bayani kan yadda yake taimakon bayin Allah. Malaman makarantarka suna da waya, za su gani. Kafin ka ɗauki hoton ɗan wani, nemi izini, ka kuma tambayi kanka ko za ka yarda a nuna ɗanka haka. Siyasar ƙasar kuwa ba taka ba ce, ko an ja ka da hira, saurare ya ishe ka.

Wasu kuma sukan kulle kansu. Daga aji sai ɗaki, sai hira da iyali ta waya, ƙarshen mako a tafi Serekunda wajen 'yan uwa 'yan Najeriya. Kewar gida gaskiya ce, ba abin kunya ba. Amma idan maƙwabta suka kira ka cin abinci, je ka sa hannu a kwanon benachin (dafa-dukan shinkafa) ko domoda (miyar gyaɗa), za ka ga mai gida yana tsinko kifi yana turowa gabanka. Idan aka ɗora butar ataya a gindin bishiya, zauna a sha zagaye ukun nan, irin shayin da muka sani wurin Buzaye. A nan za ka ji dalilin da ya sa wane ya daina zuwa makaranta, abin da ba za a taɓa faɗa maka a ofis ba. Ka je suna, ka je jana'iza. Lafiyarka ma kada ka yi wasa da ita da sunan ai daga ƙasar sauro ka fito: gidan sauro, ruwa mai tsabta, da zuwa gwaji da zarar zazzaɓi ya taɓa ka.

Tafiya ma ana shirya mata tun da sauran zango guda. A wannan zangon abokin aikinka ne zai riƙa jan darasin, kai kana gefe. Ka tattara takardun darasi da tambayoyin gwaji da bayanin kowane ɗalibi mai rauni a fayil guda, ka lissafa kayan da ke hannunka, ka miƙa su tare da makullai ga shugaban makaranta a rubuce, a gaban shaida. In akwai bashin mai shago ko na mai wanki, biya kafin ka fara sallama.