Yadda Ake Gyaran Tsohon Gidan Ƙasa Kafin Damina

Mutanen Maradi sun san ɓarnar ruwa, domin ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashe su daga tsohon gari zuwa kan tudu. Sai dai sorayen ƙasa da ke zubewa a yau, galibi ɗigon da aka ƙyale damina bayan damina ne yake cinye su, alhali su ne ɗakunan da ke riƙe sanyi a tsakiyar bazara, lokacin da rufin kwano ya zama tanda.

Aikin yana farawa daga sama. Tun cikin watan Afrilu mai gida ya hau rufi ya share ciyawa da tarkace, ya cike duk inda ya lotsa, sannan ya zuba bokitin ruwa ya ga ko zai bi indararo ya sauka nesa da bango. Daga nan ya shiga ciki ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi amon ganga ko take zubar da gari, gara ta ci ta, sai a tokare rufin a canza ta.

Gindin bango shi ne abin dubawa na gaba. Inda fantsamar ruwa ta zaizaye shi, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar, a yayyafa ruwa, a cike da sabuwa kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya sha iska kafin a ɗora wani.

Yaɓe ne ya fi buƙatar haƙuri. Ana kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima har ta yi danƙo, sannan a gauraya ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke sa ruwan sama ya zame daga bango. A nan ne nake roƙon masu gidaje da su guji shafa siminti a kan ginin ƙasa. Yana da kyan gani a shekarar farko, amma yana kulle danshi a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da shafen zai ɓalle ya faɗo gaba ɗaya.

Idan tsaga ta ratsa bango daga sama har ƙasa, ko bakan gizo na zaure, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, ya fara buɗewa, kada a yi ganganci, a nemo tsohon magini wanda ya san tubali da azara. A yi magana da shi tun da rani, domin da hadari ya fara haɗuwa kowa ya koma gona.