Kurakuran da Ke Kashe 'Ya'yan Dokin Teku a Tankin Gida

Dokin teku ƙaramin kifi ne na ruwan gishiri, kansa kamar na doki, yana iyo a tsaye, yana kuma naɗe wutsiyarsa a jikin ciyawar ruwa domin kada igiya ta tafi da shi. Masu kiwon kifin ado a nan Katsina ba su da yawa, kuma wanda zai gwada wannan kifi a garinmu galibi tarwada ya sani, alhali tarwada kifi ce mai jure zafi da dauɗar ruwa da yunwa, shi kuwa jaririn dokin teku ba ya jure ko ɗaya daga cikinsu. Yawancin asarar da ake yi tana faruwa ne saboda mai kiwo ya ɗauko dabarun gidan tarwada ya kawo inda ba su da aiki.

A wannan jinsi namiji ne ke ɗaukar ciki. Mace tana zuba ƙwayayenta a cikin wata jaka da ke gaban namijin, shi kuma ya riƙe su makonni 2 zuwa 4, gwargwadon iri da ɗumin ruwa, sannan ya haife su, sau da yawa cikin dare ko da asuba. Mutane kan jira sai sun wayi gari sun ga jarirai sun cika tanki kafin su fara neman inda za su sa su, kuma a lokacin an makara, domin sabon tanki yana buƙatar makonni 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halitta masu narkar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna a cikin matatarsa. Daidai shi ne a haɗa tankin reno da kayan ƙyanƙyasar abinci tun ranar da aka sayo iyayen.

Abinci ne inda aka fi tafka kuskure. Dokin teku ba shi da haƙori, ba shi kuma da tumbin da zai ajiye abinci, saboda haka abin da ya zuƙa da dogon bakinsa yana wucewa da sauri, kuma jariri bai san abinci ba sai wanda ke motsi. Garin abincin kifi, komai laushinsa, ɓata ruwa kawai zai yi. Abin da ake ba su shi ne atimiya, wato 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri waɗanda masu ƙyanƙyasar tarwada suka sani sarai, ana sayar da ƙwansu a gwangwani, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin awa 24 a ruwan gishiri mai iska. Sai dai mutum yakan ƙyanƙyashe kwalba ɗaya ya yi ta ɗiba har kwana 3, bai san cewa amfanin atimiya yana raguwa tun daga awannin farko ba, domin tana cinye ƙwanduwar da ta fito da ita. Jariran za su cika ciki amma su yi ta ramewa. Gyaran shi ne a yi kwalabe biyu, ɗaya a haɗa da safe ɗaya da yamma, a riƙa ciyarwa sau 3 ko 4 a rana, kuma atimiyar da ta wuce yini guda a jiƙa ta cikin sinadarin ƙarin mai na DHA kafin a bayar, domin ita kanta ba ta da wannan mai yadda kifin teku ke buƙata. Ɓawon ƙwan ma abin lura ne, saboda yana toshe hanjin jariri. Idan aka kashe iska na 'yan mintoci, ɓawon zai taso sama, ƙwan da bai fashe ba ya kwanta ƙasa, masu rai kuma su taru inda aka haska tocila, sai a zuƙe su da siririn tiyo a ɗauraye.

Ba kowane iri ne ke iya haɗiye atimiya ranar haihuwa ba. 'Ya'yan irin da ake kira Hippocampus erectus manya ne, suna ci tun farko, kuma da wuri suke kama abin maƙalewa, shi ya sa na fi ba mai farawa shawarar wannan iri. 'Ya'yan Hippocampus reidi da Hippocampus kuda kuwa ƙanana ne, suna yawo a tsakiyar ruwa na makonni, kuma sun fi rayuwa idan an fara musu da halittun da suka fi atimiya ƙanƙanta, irin su kofefod da rotifa, waɗanda sai an yi kiwonsu daban.

Waɗannan masu yawo su ne ake gani sun taso saman ruwa suna kwance a gefe, sun kasa nutsewa. Haske ne ke jan su sama tare da abincinsu, sai su haɗiyi iska, kuma jaririn da ya kumbura da iska da wuya ya sake cin abinci. Masu reno suna amfani da tanki mai zagaye, su sa bakin tiyon iska a gefe yana fitar da manyan kumfa a hankali yadda ruwan zai riƙa juyawa, su rufe saman, su haska daga gefe ko ƙasa. Dutsen iska mai ƙananan kumfa bai dace a nan ba, haka nan famfo mai ƙarfin zuƙa. Idan za a ɗauke jariri, a ɗebe shi da kofi cikin ruwansa, kada a sa raga a fito da shi iska.

Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar mai kiwo a Katsina. Waɗannan ire-ire sun fi lafiya a ruwa mai awo 22 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyas, alhali a bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin garinmu kan haura 40. Idan ruwa ya yi ɗumi, iskar da ke cikinsa tana raguwa, ƙwayoyin cuta na Vibrio kuma suna yaɗuwa da sauri, sai a ga wutsiya ko baki ya fara fari yana ruɓewa. Jefa ƙanƙara a tanki ba magani ba ne, domin sanyin da ya zo farat ɗaya ya tafi farat ɗaya ya fi illa. Ana buƙatar na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai iyakwandishan, tare da sola ko batir da zai riƙe famfon iska idan an ɗauke wuta, kuma a ganina wanda bai da halin wannan ya haƙura da kiwon tukuna. A hunturu lamarin yana juyawa, dare ya yi sanyi har a nemi hita, busasshiyar iska kuma ta riƙa shanye ruwa ta bar gishiri. Abin da ya ragu ana cike shi da ruwan daɗi tatacce ne, domin ƙara ruwan gishiri a kai zai sa gishirin ya yi ta hauhawa.

Shi ma gishirin ba na miya ba ne, ba kuma manda ko kanwa ba. Ana sayen haɗin gishirin teku na musamman mai ɗauke da magniziyam da kalsiyam, a dama shi a bar shi da iska ya kwana, a auna shi da ma'aunin gishirin ruwa ya tsaya tsakanin 1.020 da 1.025. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, na burtsatse kuma da naitiret, wani sinadari mai cutar da kifi idan ya yi yawa, saboda haka sai an tace. Tankin reno a bar ƙasansa babu yashi, a zuƙe kashi da mataccen abinci kullum, a mayar da sabon ruwa mai gishiri da ɗumi daidai da na ciki.

Bayan wata ɗaya zuwa biyu ana fara haɗa musu yankakken maisis, wani ɗan jatan lande da ake sayarwa a daskare, ana rage atimiya sannu a hankali, kuma duk ƙunshin da ya narke ya sake daskarewa a zubar da shi. Game da iyayen, tun shekarar 2004 cinikin dokin teku tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa, don haka mai saye ya nemi waɗanda aka haifa a tanki kuma suke da takarda, domin su sun saba da abinci daskararre, na kamun teku kuwa sukan ƙi shi har su mutu.